Taƙi Ɗaya a Saƙar Inna

Hanoi, 24 ga Shawwal

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ƙanwata Rofiah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mansur da yara. Ki gaishe mini da Goggo Timah, ki ce mata man shafawar da ta ba ni don gwiwa yana aiki.

Mu nan sai godiya. 'Yarki Nuriyah ta samu ƙarfi, jaririya kuma tana tsotso ba sassauci. Sanyin garin nan ne kawai ya fi ƙarfina. Da ruwan zafi nake alwala, har ba a gane wace ce mai jegon tsakanina da Nuriyah.

Na rubuto ne maimakon in kira ki a wayar shagon bakin masallaci, don kin san wayar nan kunne goma gare ta.

Ranar Lahadi surukina Hosen ya ce in bar wankin tsumma in sha iska, ya kai ni gidan da ake adana kayan ƙabilun ƙasar nan. Na hau dogon gidan mutanen tudu da aka kafa a harabar wurin ina riƙe da zanena, na sauko ina haki, Hosen yana ta yi mini dariya a ɓoye. Daga nan muka shiga ɓangaren ƙabilarmu ta Cham. Ina cikin duba hular liman da wata tsohuwar buta, sai na juya na gan ta.

Masaƙar Inna, Rofiah. Ga ƙunar fitila a ƙafarta ta dama, ga shatin haƙoranki a sandar gaba, tun kina rarrafe. Zanen alharinin da ta rasu ba ta gama ba yana nan a kai, an kunna masa fitila kamar amarya. Na yi mata addu'a a tsaye, mutane suna ratsa ni.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Kin san taƙin ƙarshe na zanen nan ya karkace. Kamu uku furanni suna zaune daram, sai a taƙin ƙarshe zaren ya goce, furen ya wargaje ya koma zigi-zaga. Kin kuma san ni na ba da masaƙar shekara takwas da suka wuce, da mutanen nan suka zo ƙauye neman tsofaffin kaya. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilina. Ba don tarihi na ba su ba, Allah ya gani. Na ba su ne don kada wata rana matan unguwa su ɗaga mayafin da na rufe ta da shi, su ga cewa idon Inna da hannunta sun gaza a ƙarshe. Macen da har daga tsallaken kogi ake zuwa kallon saƙarta. Na ce a raina su kai ta nesa, su sa a ɗakin ajiya.

To ga shi duk ƙasar nan tana kallo. Kuma a jikin takardar da suka liƙa an rubuta: "Saƙar Sariyah, daga wani ƙauye kusa da Chau Doc. Taƙin ƙarshe salo ne da ba a cika gani ba, mai kwaikwayon tafiyar ruwa."

Tafiyar ruwa! Kuskure ne, ƙanwata, ni da ke mun sani. In na yi shiru, na bar abin da ba gaskiya ba a rubuce da sunan mahaifiyarmu. In na yi magana, da bakina zan ce Inna ta ɓata saƙa. Kwana uku ina juya abin. Ki ba ni shawara.

Wassalam, yayarki,
Zaimah

*

Gida, 2 ga Zulƙida

Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Goggo Timah ta amsa, ta ce in man ya ƙare ki shafa haƙuri. Kifin da Mansur yake kiwo yana ƙiba, shi ma yana ƙiba, ban san wanda za a fara sayarwa ba. 'Yan matan makarantarki sun ce in gaya miki suna bita. Ƙarya suke yi, na gan su jiya a bakin ruwa.

Ke dai Yaya ba a raba ki da neman abin damuwa. An kai ki shan iska kin dawo da kaya a ka. Wa ya tambaye ki? Mutanen birni sun ga abu sun ce ya yi musu kyau, sai ki ce Alhamdulillahi ki wuce. In sun ce tafiyar ruwa ce, to tafiyar ruwa ce, su suka yi boko. Ina ruwanki da takardarsu? Ba ke kika rubuta ba, ba za a tambaye ki a kanta ranar gobe ba.

Ki bar maganar nan, don Allah. Ki zauna ki goyi jikarki. Kada ki koma wurin, kuma kada ki je kina leƙa zanen nan kusa-kusa, kin san halinki. Da igiya aka kewaye shi, ko? To igiyar nan don irinku aka sa ta.

Na ji abin da kika ce kan dalilin ba da masaƙar. Ban ji haushi ba. Ni ma ban so ganinta a gidan ba.

Na aiko miki da busasshen nama ta hannun ƙanin Mansur da zai zo arewa, na san ba kya yarda da yankan garin nan. Na sa barkono kaɗan saboda mai jego. Ki ce wa Hosen in zai sake fita da ke ya kai ki bakin tafki ki ci gyaɗa kamar kowa.

Taki,
Rofiah

*

Hanoi, 10 ga Zulƙida

Zuwa ga ƙanwata Rofiah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gida. Nama ya iso, Allah ya saka da alheri. Barkonon da kika ce kaɗan ne ya sa Hosen hawaye.

Ki yi haƙuri, ban bi shawararki ba. Na koma ranar Talata, ni kaɗai a bas, har na wuce tashar sai da na dawo da ƙafa. Niyyata in duba kawai in ƙara yi mata addu'a. Na daɗe a tsaye har wata ma'aikaciyar wurin ta lura da ni. Sunanta Lan, ba za ta wuce sa'ar Nuriyah ba, mai fara'a da gilashi.

Ta ce, "Goggo, ƙafarki ba ta gaji ba? Tun ɗazu kike nan kamar kina jiran a ba ki aron ta."

Na ce, "Ta mahaifiyata ce, 'yar nan."

Rofiah, da kin ga yarinyar nan. Ta riƙe hannuna biyu, ta ruga ta kawo kujera, ta kawo shayi. Ta ce shekara biyu tana neman mai irin wannan salo. Ta je ƙauyuka shida da hotonsa, kowace masaƙiya ta duba sai ta ce ba ta san shi ba.

"Wata tsohuwa ma dariya ta yi ta yi," in ji ta, "har na ji kunya. Na ce ko asirinku ne ba kwa son faɗa wa baƙo."

Na sunkuyar da kai na kurɓi shayi.

Ta ce bayan sabuwar shekararsu za su buga ƙaramin littafi, kuma hoton taƙin nan ne a bangonsa, da sunan Inna a ƙasa. Sai ta ce, "Goggo, ke ma kina saƙa?" Na ce ina taɓawa. Ta ce, "Shi ke nan, Allah ya kawo ki! Muna da wata masaƙa ta gwaji a tsakar gida. Ki zo wata Asabar ki nuna wa mutane yadda ake yinsa." Na ce zan yi shawara. Ban yi ƙarya ba, ga shi ina yi.

Kafin in tafi ta ɗage igiyar, ta ba ni farin safar hannu, ta ce in matsa. Rabon da in dubi taƙin nan da idon masaƙiya tun ranar da aka kai Inna makwancinta. Ranar na gan shi cikin hawaye, na rufe, ban sake buɗewa ba.

Kin san zaren da aka ɗaure aka rina, kowane jifan ƙoshiyar saƙa sai an daidaita shi da yatsa kafin a buga, in ba haka ba furen ba zai haɗu ba. Na ɗauka yatsan Inna ne ya kasa. Amma taƙin nan an buge shi da ƙarfi, ya fi sauran zanen tauri nesa ba kusa ba. Mai jinyar da ba ta iya ɗaga kofi ba za ta yi wannan bugu ba. Sannan jifan ya fara ne daga hagu. Akwai kuma wuri biyu da zare ya tsinke aka ƙulla, kuma wutsiyar ƙullin ta kwanta ta ɓangaren da Inna ba ta taɓa kwantar da nata ba.

Na ƙirga mutanen gidanmu na lokacin. Baba ba ya saƙa. Ni da Inna da hannun dama muke aiki.

Ban ce wa Lan komai ba. Ba na son in yi zato, zato ba kyau. Na faɗa miki abin da idona ya gani ne kawai. Nan ana ta ɗaukar rassan furanni a bayan babura saboda bikinsu, gari ya yi kyau. Jaririya ta fara murmushi, ko da yake Nuriyah ta ce iskar ciki ce.

Ina jiran wasiƙarki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Zaimah

*

Gida, 18 ga Zulƙida

Yaya,

Salam. Kowa lafiya.

Na ce kada ki leƙa, sai da kika leƙa. Har da safar hannu! Da 'yan sanda sun san da ke da tuni sun ba ki ofis.

To, ni ce. Bahaguwar gidan Sariyah guda nawa ce?

Takarda ta uku ke nan, biyu na yaga. Bari in faɗa miki yadda aka yi, ki karanta har ƙarshe kafin ki fara istigfari.

Shekarata goma sha uku. Inna tana kwance a sama, ke kina tafiya karatu wurin malamarki kowace safiya, ni aka bari da ita. Kin tuna an hana ni taɓa masaƙa tun ranar da na tsinke mata zare ashirin a zama ɗaya. Ran nan da hantsi ta kira ni, ta ce, "Auta, gidan nan ya yi shiru kamar maƙabarta, ni kuma ban kai can ba tukuna. Sauka ki zauna a masaƙa ki buga in ji."

Na ce, "Inna, zan ɓata."

Ta ce, "Na sani. Sauka."

Na sauka ƙarƙashin gida, tsakanin turakun da suka ɗaga shi, na zauna a masaƙar. Ita tana kwance daidai saman kaina, kin san katakon ɗakin akwai tsaga. Ba ta ganina, da kunne take bi. Ina bugu tana magana ta tsagar: "A hankali, ba kan kifi kike fasawa ba!" Can kuma: "Kin tsinke, na ji. Ƙulla." Can sai in ji shiru, in hau in duba, in tarar ta yi barci. Yaya, kin san kwanakin nan ba ta samun barci saboda tari. Amma da ƙarar masaƙa sai ta yi. Kwana uku muna haka. Kafin ki dawo na rufe masaƙar na koma wanke tukunya kamar mutuniyar kirki.

Rana ta huɗu ta ce sai ta gani. Na rungumo ta muka sauko matakala ɗaya bayan ɗaya, ba ta kai buhun shinkafa rabi nauyi ba. Ta duba, ta duba. Ina jiran faɗa. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, hawaye yana zuba. Na ce bari in warware. Ta ce, "Kul. Ki bar shi yadda yake." Bayan kwana tara ta rasu.

Ranar da aka kai ta na gan ki kin buɗe masaƙar. Kin zauna a ƙasa kina kuka kina cewa, "Wayyo idon Inna, ashe haka ta sha wahala ba mu sani ba." Ina tsaye a bayan turmi. Na so in gaya miki ni ce. Na ce gobe. Gobe ta zama bayan arba'in, ta zama bayan aurenki, ta zama shekara ashirin da bakwai. Ke kuma kullum ƙara zama Malama kike yi, ta ina mutum zai fara?

Kin sha tambayata me ya sa na zaɓi sana'ar cusa nama a hanji in shanya a kan saƙa. Ga amsarki.

Na bar ki kina zargin hannun Inna don in tsira da kunyata. Wannan shi ne laifin, ba karkataccen fure ba. Ki yafe mini in za ki iya.

Ki gaya wa yarinyar gaskiya, a wanke sunan Inna. Amma kada a rubuta nawa. In Goggo Timah ta ji cewa ɓarnata ce aka kunna wa fitila a Hanoi, ba zan sake fita kasuwa ba har in mutu.

Ƙanwarki,
Rofiah

*

Hanoi, 26 ga Zulƙida

Zuwa ga Autar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kullum.

Wasiƙarki ta same ni ina shanya. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na je na yi raka'a biyu. Ba istigfari na fara da shi ba, godiya na fara. Rofiah, ashe hannun Inna bai taɓa gazawa ba. Ashe jifanta na ƙarshe daidai yake da na farko. Ashe kuma ta yi barci, ta yi dariya a kwanakin nan. Ni abin da na riƙe shekara ashirin da bakwai shi ne tsohuwa tana lalube a masaƙa ita kaɗai ba ta gani. Kin ɗauke mini wannan, kin ba ni wani. Nuriyah ta ce tun da na zo ba ta ga na ci abinci kamar ranar ba.

Na yafe miki duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini. Kukana ne ya rufe miki baki, kina yarinya. Kuma da na duba da kyau sau ɗaya tak, da na gani. Tsoron abin da mutane za su ce ya sa na rufe, wannan nawa ne.

Na je na gaya wa Lan. Na fara da ba ta haƙuri, na yi ta kewaye-kewaye har ta ce, "Goggo, wani ne ya mutu?" Da na gama ta cire gilashinta, ta rufe fuska da hannu biyu. Na ɗauka kuka take yi. Ashe dariya ce.

"Ƙauye shida!" in ji ta. "Na hau kwalekwale, na yi amai, ina neman kuskuren 'yar shekara sha uku! Shi ya sa tsohuwar nan ta kusa faɗowa daga kujera."

Na ce, "Sai a cire shi daga bangon littafin."

Ta ce, "A cire? Goggo, ɗakin nan cike yake da kaya masu kyau da ba mu san wanda ya taɓa su ba. Wannan kaɗai muka san dalilin kowane zare. Takardar za a canja, ba zanen ba."

Ranar Asabar na je na zauna a masaƙar gwajin. Na saƙa musu furen Inna, ya fito daram, Alhamdulillahi. Sai Lan ta ce in gwada naki ko taƙi rabi. Wallahi na yi ƙoƙari. Na fara daga hagu, na buga da ƙarfi, na kawar da kai don kada in gyara. Amma yatsana da kansa yake zuwa ya daidaita zaren. Wani tsoho cikin masu kallo ya ce, "Baiwar Allah, ai ke ko ɓatawa ba ki iya ba." Kowa ya yi dariya, har ni. Lan ta ce ke nan mutum ɗaya ce a ƙasar nan ta iya shi, kuma tana can tana shanya nama.

Yanzu ga tambaya. Lan tana so a rubuta sunaye biyu, na Inna da naki. Na ce mata ban da izini, kuma ba zan ba da abin da ba nawa ba. In kin ƙi, za a rubuta "wata 'yarta" kawai, kuma gaskiya ne, ba zan ce komai ba. Sai dai ki tuna 'ya'ya mata biyu Inna ta bari, mutane za su iya ɗauka ni ce. Ba zan damu ba. Ko kuwa in ce zan ɗan damu, don kada in yi ƙarya.

Abu ɗaya zan ƙara, ki yi yadda kika ga dama da shi. Inna ta ce a bar shi yadda yake. Ba ta ce a rufe shi ba, ni na rufe.

Za su kai aikin wurin bugawa bayan Babbar Sallah. Ni ma ina hanya bayan Sallah da kwana uku, in sha Allahu. Ki gaishe da Mansur da kifinsa.

Wassalam, yayarki,
Zaimah

*

Gida, 4 ga Zulhajji

Yaya,

Salam. Kowa yana gaishe ki.

A rubuta. A ƙarƙashin na Inna, da ƙananan baƙaƙe, kuma a sa shekaruna na lokacin don a yi mini adalci. Na riga na gaya wa Goggo Timah da bakina kafin ta ji a wani wuri. Ta yi dariya har haƙorinta na roba ya faɗo, sannan ta ce in zo in ɗauki tsohuwar masaƙarta, wai ƙura kawai take sha. Na ce zan yi shawara. Tana ƙarƙashin gidana tun jiya.

Sai dai a goge maganar tafiyar ruwan nan. Inna ta riga ta raɗa masa suna ranar da ta gan shi, tana share hawaye. Ki ce wa Lan ta rubuta daidai yadda ta faɗa: tafiyar agwagwa.

Ki dawo lafiya. Ki taho mini da zare.

Rofiah